Gurasa Shida a Gidan Si Mufaddal

Ni ne Jilali, mai tanderun Lungun Majema. Shekara talatin da ɗaya ina gasa wa mutanen lungun nan gurasa, ban taɓa ba wani gida ta wani gida ba. Da wannan nake taƙama a da. Yanzu ko wani ne ya faɗa don ya yabe ni sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina gyara wuta, domin taƙamar nan ce ta kai wani dattijo kurkuku, kuma da bakina na kai shi.

Gida sittin da 'yan kai ke aiko mini da kwaɓi. Kowace mace ta kwaɓa nata a gida, ta jera a katako, ta rufe da ƙyalle, ta ajiye a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo wucewa, ko liman ne, sai ya ɗauko ya miƙo mini, haka muka taras ana yi. Ba mai ce mini na gidan wane ne, kuma da wani zai faɗa da na ji haushi. Ina ɗaga ƙyalle na sani. Hajja Mbarka da cokali mai yatsu take tsattsaga tata. Matar mai gyaran keke babban yatsa take dannawa a tsakiya. Lalla Zuhur, matar Si Mufaddal, da bakin wani tsohon makulli take buga tambari sau uku, sannan ta barbaɗa riɗi. Daga katako nake sanin gidan da aka haihu da gidan da aka yi faɗa da miji, don mace in tana fushi ba ta jira kwaɓi ya tashi. Ban iya karatu ba sai ɗan lissafi, amma lungun nan kaf ina karanta shi kowace safiya kafin rana ta yi zafi.

Abin bai faɗo mana rana ɗaya ba. Da farko cewa aka yi duk mai biki sai ya nemi izini kafin a buga ganga. Muka ce gara ma, ma huta da hayaniya. Sai aka ce taron da ya wuce mutum goma, ko zaman makoki ne, a sanar tukuna. Muka ce to, zamani ne ya lalace, su ma suna da dalilinsu. A shekarar da nake ba ku labari sai ga takardar baƙi. Duk wanda ya kwana a gidanka, ko uwarka ce ta zo daga ƙauye, sai ka rubuta sunansa da na ubansa da lambar katinsa da abin da ya kawo shi, ka miƙa wa wakilin hukuma na unguwa kafin azahar.

Wakilin namu Si Bushta ne, tare muka yi wasan ƙasa da shi. In faɗa muku gaskiya ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da in an ba su tsani su riƙe sai su ɗauka su suka gina gidan. Ya bi gida gida da jakarsa a hammata yana rabon takardun, kowa ya karɓa yana guna-guni a ciki yana godiya a baki. Mutum ɗaya ne ya mayar masa da tasa, ya ce ya adana wa mai buƙata, shi ne Si Mufaddal.

Si Mufaddal tsohon magatakardan kotu ne, ya ajiye aiki, shekarunsa saba'in da biyu, ga ciwon suga. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, amma in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Su biyu ne a gidan, shi da Lalla Zuhur, 'ya'ya duk sun watse birane. Bai tsaya ga mayar da takardar ba, sai da ya rubuta ƙorafi zuwa majalisar gari ya shiga yawo da shi yana neman masu sa hannu. Wata safiya ya sauko matakalar tanderuna, ya tsaya inda hayaƙi ba zai same shi ba.

"Ma'allam Jilali, miƙo babban yatsanka."

"Na me, Si Mufaddal?"

"Roƙo za mu kai a janye dokar baƙi. Mutum goma sha ɗaya sun sa hannu."

"Cikin gida sittin?"

"Da kai sha biyu."

Na ɗaga masa hannuwana. "Ka ga duk gari ne da toka, zan ɓata maka takarda."

"Yatsa mai toka ai ya fi fitowa, ka hutar da ni tawada."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Na ce, "Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Wanda ba ya ɓoye komai, me zai tsorata?"

"Me kake ɓoyewa a makewayin gidanka?"

"Ba komai."

"To je ka cire ƙofar." Ya gyara zaman hularsa. "Jilali, hukuma tana da titi, tana da kasuwa, tana da kotu. Shekara talatin da huɗu na yi mata aiki, ban ci amanarta ba. Amma iyakarta dokin ƙofata. Wanda ya sa hannu a kwanona, tsakanina da shi ne da Allah. In muka buɗe mata wannan, gobe tukunya za ta leƙa."

"Kai ka ajiye aiki, ba abin da za su karɓe maka. Ni izinin tanderun nan a aljihunsu yake."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya naɗe takardarsa, ya ce Allah ya ba da sa'a. Na ji kunya a ranar, amma irin wadda kan wuce kafin la'asar.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, Si Bushta ya shigo kamar yadda ya saba, ya zauna a kan buhun ɓawon zaitun da nake hura wuta da shi, ya yagi gefen gurasata mai zafi yana ci. Kullum haka yake yi, ban taɓa hana shi ba.

"Jilali, an ce tsufa ya fara taɓa ka."

"In ji wa?"

"An ce jiya ka ba gidan liman gurasar gidan mai keke. Matar liman tana ta mita."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma na san ƙarya ce. Da mai hankali ne ni da na ce haka ne, tsufa ba ya sallama, in ci gaba da aikina. Amma ni a zage ni da uwa da uba ya fi mini sauƙi a kan a ce na rikita gurasa. Na jingine sandar gashi, na kama hannun rigarsa na ja shi gaban katakai.

"Zo nan, ɗan tselen uwa, in nuna maka tsufa. Wannan ta wa ce? Ba ka sani ba. Ta Hajja Mbarka ce, huɗu, jikarta ta koma makaranta shi ya sa ta rage ɗaya. Wannan ta gidan liman ce, ko da ido rufe na san ta, matarsa ba ta tankaɗe gari. Wannan kuma mai tambarin makulli ta gidan Si Mufaddal ce. Shekara ashirin ke nan gurasa uku suke aikowa, ba ƙari ba ragi. Yau kwana tara ke nan shida Lalla Zuhur take aikowa, biyu a ciki ta sa musu mai ta yi su da kauri don su yi taushi, na wanda ba shi da haƙori. Ka ji wanda tsufa ya taɓa?"

Si Bushta ya daina tauna. Ya ce a hankali, kamar mai haddar karatu, "Kwana tara."

Nan take na gane abin da na yi. Na ce, "Bushta, hira fa muke."

"Ai hira muke," in ji shi. Ya goge yatsunsa a jallabiyarsa, ya ɗauki jakarsa ya hau matakala.

Kwana biyu tsakani 'yan sanda suka zo gidan Si Mufaddal. Ba su taras da kowa ba, baƙin sun tafi tun jiya. Kada ku ɗauka wasu manyan masu laifi ne. Gwaggon Lalla Zuhur ce, tsohuwa tukuf daga ƙauyen kan dutse, ta zo a yi mata aikin ido, tare da 'yarta mai jinyarta. Lungun kaf an san da su. Hajja Mbarka har miya ta kai musu. Amma da aka bi gida gida ana tambaya, kowa ya ce bai ga kowa ba. Mutanen nan da suka ƙi sa hannu a ƙorafi, duk da haka sun riƙe bakinsu. Shi kuwa Si Mufaddal da aka tambaye shi sai ya ce, "Ban ce an yi baƙo ba, ban ce ba a yi ba. Cewa na yi tambayar ba taku ba ce." Aka sa masa ranar zuwa kotu, kuma duk abin da suke da shi a kansa maganata ce kawai. Ranar Talata sammaci ya iso tanderu da sunana a jiki.

Matata Hadda ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi. Tana tankaɗe gari ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce baki shi ke yanka wuya. Naka ya bar wuyanka ya je ya yanki na maƙwabci."

Ban iya zuwa gidan Si Mufaddal ba, shi ya zo. Bayan azahar, lokacin da ba kowa, ya sauko matakalar yana dafa bango. Na rasa inda zan sa idona. Na fara rantse-rantse, na ce wallahi tallahi ban yi da niyya ba, Bushta ne ya tsokane ni, zan je in ce ƙarya na yi, zan ce ban san gurasar kowa ba.

"Kul," ya ce. "Kada ka yi ƙarya a gaban kotu saboda ni. Shekara talatin da huɗu ina ganin masu yi, ba wanda ya fita da mutuncinsa."

"To me zan ce?"

"Ka ce ba za ka amsa ba. Ka ce abin da mutane suka aiko maka amana ce, ba ka gasa wa hukuma labari. Shi ke nan."

"Sai su yi mini me?"

"Wataƙila su tsare ka kwana biyu ko uku. Wataƙila su rufe tanderun na mako guda. Ban ce maka kyauta ba ce. Amma in ba shaida ba hukunci, wannan kam har yanzu bai canja ba." Ya ɗan yi murmushi. "Magana ce guda, Jilali. Kai da kake yin dubu kafin hantsi."

Na ce na ji, na yi alkawari, har na dafa ƙirji. Yana fita na fara lissafin banza. Mako guda ba wuta, mutane su saba da tanderun Ƙofar Kifi, wa ya ce za su dawo? Sai zuciyata ta ce mini ai akwai hanya ta tsakiya. In na ce ban iya bambance gurasa ba, shi ya tsira, ni ma ban yi wa hukuma tsaurin ido ba. Na ga kamar na fi tsohon magatakarda wayo.

Ranar Alhamis, ranar zaman kotun, ban hura wuta ba, karo na farko ba don rasuwa ba. Ɗakin kotun ya cika da mutanen lungunmu, mata a baya, maza a gaba. Si Mufaddal yana zaune da farar jallabiya, hannuwansa a kan sandarsa. Mai gabatar da ƙara wani matashi ne mai ladabi, har kujera ya sa aka kawo mini. Aka rantsar da ni.

"Baba Ma'allam, an ce kana gane gurasar kowane gida."

"Gurasa ai gurasa ce, ranka ya daɗe. Ni dai gashi ne nawa, masu ita su zo su ɗauki abinsu. Abin da na gaya wa Si Bushta surutun tsofaffi ne."

Na saci kallon Si Mufaddal. Ya rufe idonsa.

"Haka ne," in ji matashin. "Ni ma na ce da wuya. Gida sittin, wa zai iya? To ba komai, mu cika takarda kawai ka tafi." Ya sa hannu cikin wani kwando a ƙarƙashin tebur ya ɗauko gurasa guda, ya ɗaga ta sama. "Magatakarda, rubuta. Gurasar gidan wanda ake tuhuma, aikin Lalla Zuhur, gashin Ma'allam Jilali, gefe ɗaya ya ƙone."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wannan ta Hajja Mbarka ce, ga tsagar cokali nan. Kuma ba gashina ba ne, ni ba na ƙona gefe, tanderun Ƙofar Kifi ne."

Sai wani a baya ya fashe da dariya, wasu suka biye masa, sannan dariyar ta mutu da suka gane abin da ya faru. Matashin ya ajiye gurasar a hankali. Bai ko yi murmushi ba.

Alƙali ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce in tuna na rantse, ya faɗi shekarun da ake yanke wa mai shaidar zur, ya kuma tambayi magatakarda ko mai irin wannan laifi yana riƙe izinin sana'a. Sannan ya ce, "Zan sake tambayarka sau ɗaya. Gurasa nawa gidan Si Mufaddal ya aiko a kwanakin nan?"

Ƙofar ƙin amsawa tana nan a buɗe har a lokacin. Maganar da Si Mufaddal ya koya mini tana kan harshena, na ji ɗanɗanonta. Na dube shi, ya girgiza mini kai kaɗan, ba da fushi ba, kamar yadda ake yi wa mai ciwo don ya daure.

Na ce, "Shida."

Na faɗi kwana tara, na faɗi mai da kauri da rashin haƙori. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne wanda ya biyo baya. Matashin ya ce, kamar wanda ya tuna wani abu, "Akwai wasu gidajen da ka ga irin haka?" Ba wanda ya tilasta mini. Da na ce ban lura ba da an wuce. Amma tsoro ya riga ya kwance ni, ina so su ga ni nasu ne. Na faɗi gidan mai keke, na faɗi gidan liman. Ina ji matar mai keke ta ce "Inna lillahi" daga baya.

Ashe alƙalin a hannun Si Mufaddal ya koyi aiki yana yaro. Ya sassauta murya ya ce, "Si Mufaddal, kai ka koya mini yadda ake rubuta hukunci. Ga takardar nan. Rubuta suna biyu ka sa hannu ka tafi gida ka ci abincin rana. Kada ka sa ni abin da ba na so."

Dattijon ya miƙe da ƙyar. "Ranka ya daɗe, da nake koya maka na gaya maka doka katanga ce. Talaka yana da gefen da yake tsayawa, hukuma ma tana da nata. Ban yi sata ba, ban cuci kowa ba. In na rubuta sunan wanda ya ci gishirina don kawai an ce in rubuta, to na yarda gidana ofishinku ne. Ban yarda ba. Ka yi aikinka, ni ba na riƙe ka."

Wata shida aka ba shi. Da za a fita da shi ya bi ta gabana, ban ɗago ba. Takalmansa kawai na gani.

Na ɗauka mutanen lungu za su zage ni ko su ƙaurace wa tanderun. Ba su yi ko ɗaya ba, don ba su da wani kusa, kuma tsoron da ya kama ni su ma ya kama su. Abin da suka yi ya fi zagi. Aka daina ajiye katako a bakin ƙofa. Kowace mace ta kawo nata da kanta, ta tsaya a kansa har ya gasu, ta rufe ta tafi, ba hira ba tsokana. In na ce yaya jikin yaro sai a ce lafiya, ko da yaron yana asibiti. Mai baƙo kuwa sai ya sayo ƙarin gurasa a kasuwa ya ɓoye cikin riga. Lalla Zuhur ba ta sake aikowa ba, a kasko take gasa tata. In mun haɗu a lungu sai ta ja mayafinta ta bi jikin bango. Hadda ta ce kada in ga laifinta, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Hukuma kuwa ta ji daɗin dabarar. Kafin a yi wata uku aka ce duk masu tanderu a garin su riƙa ba wakilin unguwa bayani kowace Asabar. Masu sana'ata suka daina gaishe ni a masallaci. Ita kanta dokar baƙin aka ƙara mata tsawo, aka ce ba sai mutum ya kwana ba, ko da rana ne, in dai ya zauna ya ci abinci a gidan da ba nasa ba, a rubuta shi. Kowace Asabar Si Bushta ya zo ya zauna a kan buhun nan, ni kuma in amsa masa. Sau nawa na kwana da niyyar gobe zan ce ba zan amsa ba. In ya buɗe jakarsa sai in ji ina magana.

Si Mufaddal ya fito da bazara. Sugan ya ci shi a can, an yanke masa yatsun ƙafa biyu, ido ɗaya ya tafi. Na gan shi daga nesa ana sauko da shi daga mota, jallabiyar nan ta yi masa yawa. Kwana goma sha tara ina cewa gobe zan je. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hadda ta ɗora mini curin sukari a hannu, irin wanda ake kai wa in za a nemi gafara, ta tura ni waje ta rufe ƙofa. Sai da na ƙwanƙwasa gidan na tuna wa nake kai wa sukari, amma ba halin juyawa.

Lalla Zuhur ce ta buɗe. Ta dubi curin, ta dube ni, ta matsa gefe. Yana zaune a tsakar gida a kan katifa, ƙafar a naɗe da farin ƙyalle. Na durƙusa na kama hannunsa, maganar da na shirya duk ta gudu, sai kuka kamar ba ni ne mai jikoki ba.

"Tashi, Ma'allam, tashi," ya ce. Muryarsa ta zama siririya. "Na yafe tun ina ciki. Can ɗin ba wurin riƙe mutum a zuciya ba ne, ba ka da ƙarfin. Zauna. Zuhur, ƙaro cokali, yau Juma'a ce, ba a fita gidan mutane ba a ci kuskus ba."

Na ce na ƙoshi, ya ce in bar wannan maganar. Na ji wani sanyi a raina, na ce ashe dattijon yana nan yadda yake. Har na fara tunanin in ce masa ya sake rubuta ƙorafin, wannan karon ni zan fara dangwala yatsa. Lalla Zuhur ta ajiye kwanon a tsakaninmu, tururi yana tashi, ga kabewa ga nama a sama. Na yi bisimilla na miƙa hannu.

"Dakata tukuna," ya ce.

Ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya jawo wasu takardu a ninke da alƙalami. Na san su tun kafin ya buɗe, takardun baƙi ne. Ya ɗora ɗaya a gwiwarsa, ya kawo ta daf da idon da ya rage.

"Jilali ɗan wa? Na manta sunan mahaifinka."

"Si Mufaddal," na ce, "me kake yi? Ni ne fa. Ba wanda ya ga shigowata. Wallahi ba zan faɗa wa kowa ba."

Ya ɗago ya dube ni da idon nan guda, ba fushi a ciki ko kaɗan.

"Na san ba za ka yi niyya ba," ya ce.

Lalla Zuhur ta juya mana baya ta shige ɗakin girki. Na so a ce ya ɗauki kwanon nan ya kife mini a ka.

"Ba zan iya komawa can ba, Jilali," ya ce a hankali. "Ba zan iya ba. Faɗa mini sunan."

Na faɗa masa, ya rubuta da kyakkyawan rubutun nan nasa na kotu, sai dai layin ya karkace. Ya tambayi lambar katina. Na ciro katin daga aljihu na miƙa masa, ya jujjuya shi ya ce rubutun ya yi masa ƙanana. Sai na karɓa na karanto masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa, kuskus ɗin yana hucewa a gabanmu.